GPS a wayar salula: yadda yake aiki, amfaninsa da iyakarsa a ƙasar Damargu

Duk wanda ya taɓa buɗe taswira a babbar wayarsa ya ga wani ɗigo shuɗi da ke nuna inda yake tsaye, yana kuma matsawa idan shi ma ya matsa. A manyan birane ana amfani da ɗigon ne don neman unguwa ko gidan biki. A gundumomin Tanut da Belbeji lamarin ya fi haka nauyi. Garuruwa suna nesa da juna, babbar hanyar kwalta ita ce RN11 da ta tashi daga Damagaram ta nufi Agadas, kuma rezo kan ɗauke da zarar an yi nisa da gari. Direban da motarsa ta lalace a daji, makiyayin da ke neman rijiya, da manomin da ke jayayya da maƙwabcinsa a kan iyakar gona, dukansu suna iya cin moriyar abin da ke aljihunsu idan sun san yadda yake aiki. Suna kuma iya cutuwa idan suka ɗora masa nauyin da ba nasa ba.

Mene ne GPS

GPS suna ne na rukunin taurarin ɗan'adam mallakar gwamnatin Amurka, waɗanda aka ƙera tun farko domin sojoji. An harba na farko a shekarar 1978, tsarin kuma ya kammala a 1995. Aƙalla taurari 24 ake buƙata domin a game duniya baki ɗaya, amma waɗanda ke aiki sun kai wajen 30. Suna shawagi a nisan kilomita kusan 20,200 daga ƙasa, kowannensu yana zagaya duniya sau biyu a yini.

Da farko Amurka tana rage ingancin saƙon da farar hula ke samu da gangan, har kuskure kan kai mita 100. A watan Mayu na 2000, zamanin shugaba Bill Clinton, aka daina yin haka, kuma daga nan ne na'urorin nuna hanya suka bazu a motoci, daga baya a wayoyi.

Yau ba Amurka kaɗai ke da irin wannan tsari ba. Rasha tana da GLONASS, wanda ta fara harbawa a 1982. Tarayyar Turai tana da Galileo, da ya soma aiki a watan Disamba na 2016. Sin tana da BeiDou, wanda ya game duniya a 2020. Galibin manyan wayoyin da ake sayarwa yanzu suna sauraren biyu, uku ko dukan huɗun a lokaci guda, ko da yake jama'a sun saba kiran abin GPS kawai. Ba a biyan kowa ko dala don karɓar saƙon waɗannan taurari, ba a kuma yin rajista.

Yadda waya ke gane inda take

Kowane tauraro yana ɗauke da agogo mai tsananin daidaito, kuma dare da rana yana watsa saƙo guda: sunansa, inda yake a sararin samaniya, da lokacin da ya aiko saƙon. Saƙon yana tafiya da gudun haske, wato kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, saboda haka yana isowa ƙasa cikin ƙasa da kashi ɗaya bisa goma na daƙiƙa. Wayar tana kwatanta lokacin da aka aiko shi da lokacin da ya iso, daga nan ta lissafa nisan da ke tsakaninta da tauraron.

Nisa daga tauraro ɗaya bai isa ba. Idan aka ce wani mutum yana nisan kilomita 150 daga Damagaram, zai iya kasancewa a gabas, yamma, kudu ko arewa. Idan aka ƙara da nisansa daga Agadas, wurare biyu ne kacal suka rage. Nisa na uku, a ce daga Maraɗi, shi zai raba gardama. Irin wannan lissafi waya ke yi da taurari. Tana buƙatar na huɗu saboda agogonta ba shi da ingancin nasu, kuma kuskuren kashi ɗaya bisa miliyan na daƙiƙa yana jawo kuskuren mita 300 a ƙasa. Da tauraro na huɗu take gyara agogonta. Duk yadda taurarin da take gani suka ƙaru, kuma suka warwatsu a sassan sama, lissafin yana ƙara kyau.

A fili inda babu abin da ya tare sama, wayar zamani takan nuna wuri da kuskuren da bai wuce mita 5 ba ko kusa da haka. A nan Damargu tana da sa'a, domin babu dogayen benaye ko kurmi mai duhu. Hadari, ruwan sama da ƙurar hunturu ba sa hana saƙon wucewa. Abin da ke tare shi shi ne rufin kwano, ginin siminti, jikin mota da ramin rijiya. Da'irar da ake gani kewaye da ɗigon shuɗi tana nuna girman shakkar wayar: idan ta yi faɗi, wayar ba ta tabbatar da wurin ba tukuna.

GPS daban, intanet daban, kira daban

Nan ne mutane da yawa ke ruɗewa. Abubuwa uku ne ke haɗuwa a waya, kowanne da hanyarsa.

Na farko shi ne sanin wuri. Wannan daga taurari yake zuwa kai tsaye. Ba ya buƙatar rezo, ko mega, ko ma pus a cikin wayar. Ko a tsakiyar Tenere, wayar da ke da na'urar GPS za ta iya fitar da lambobin inda take. Intanet yana hanzarta aikin ne kawai: idan akwai shi, wayar tana saukar da bayanan taurarin cikin ƴan daƙiƙu. Idan babu, sai ta karɓe su daga taurarin a hankali, abin da kan ɗauki minti ɗaya zuwa mintuna da dama idan an daɗe ba a kunna ta ba ko an yi tafiya mai nisa. A irin wannan hali a tsaya a fili a yi haƙuri.

Na biyu ita ce taswira. Taurarin ba sa aiko hoton hanya ko sunan gari. Taswirar tana zuwa ne ta intanet, ko kuma an riga an adana ta a cikin wayar. Wanda bai saukar da ita tun yana gari ba, idan ya shiga daji zai ga ɗigon shuɗi a kan farin fili babu komai.

Na uku shi ne sanar da wani. Na'urar GPS sauraro kawai take yi, ba ta aika komai zuwa sama. Taurarin ba su san wanda ke sauraronsu ba, ba kuma za su gaya wa kowa cewa wani ya ɓata ba. Domin a aika wa ɗan'uwa ko jami'an tsaro lambobin wuri, dole a samu rezon kamfanonin waya irin su Airtel, Moov Africa, Zamani Telecom ko Niger Telecoms, ko kuma wayar tauraron ɗan'adam irin Thuraya, wadda na'ura ce dabam mai kuɗinta dabam.

Ƙananan wayoyi masu maɓalli yawancinsu ba su da GPS. Amma suna karɓar saƙon SMS, don haka ana iya tura musu lambobin wuri a rubuce.

Yadda ake karanta lambobin wuri

Kowane wuri a duniya yana da lambobi biyu. Ta farko, latitud, tana nuna nisansa arewa ko kudu da layin da ya raba duniya biyu a tsakiya. Ta biyu, longitud, tana nuna nisansa gabas ko yamma da layin da ya ratsa Greenwich a birnin Landan. Nijar dukanta tana arewa, kuma tana gabas. Garin Tanut yana wajen digiri 14.97 arewa da 8.88 gabas. Damagaram tana wajen 13.80 da 8.99, Agadas kuma wajen 16.97 da 7.99.

Digiri ɗaya daga kudu zuwa arewa ya kai kilomita 111. Saboda haka kowace lamba da ke bayan ɗigo tana da muhimmanci. Lambobi biyu bayan ɗigo suna nuna wuri ne da faɗin kilomita ɗaya da ɗoriya, sun isa a gane gari amma ba su isa a gano mota a daji ba. Uku suna kawo mutum cikin mita 111, huɗu cikin mita 11, biyar cikin mita ɗaya. Wanda zai aika wa wani wuri ya rubuta aƙalla huɗu ko biyar.

Akwai kurakurai biyu da suka fi yawa. Na farko shi ne juya lambobin. Idan aka rubuta na Tanut a juye, 8.88 arewa da 14.97 gabas, taswira za ta kai mutum kusa da iyakar Chadi da Kamaru, fiye da kilomita 900 daga gida. A Nijar latitud ake fara rubutawa, kuma a Damargu ita ce babbar lambar.

Na biyu shi ne haɗa salon rubutu biyu. Ana iya rubuta wuri da digiri da ɗigo, ana kuma iya rubuta shi da digiri da minti, inda minti 60 ke yin digiri ɗaya. Tanut a salo na biyu digiri 14 ne da minti 58. Wanda ya ji haka a waya ya rubuta 14.58 ya sauka kusan kilomita 43 kudu da garin. Idan ana karanta wa wani lambobi da baki, a faɗi salon da ake amfani da shi, a kuma sa shi ya maimaita. Wayoyin da aka saita da Faransanci wani lokaci suna sa waƙafi a madadin ɗigo, amma manhajar taswira ta fi gane ɗigo, da waƙafi guda tsakanin lambobin biyu.

Manhajojin taswira da matsalar sunaye

Google Maps, da ya fito a 2005, shi ne ke zuwa a cikin yawancin wayoyin Android, har da Tecno, Itel da Infinix da suka cika kasuwanni. Yana ba da damar a zaɓi yanki a saukar da taswirarsa don amfani ba tare da intanet ba, sai dai ana sabunta ta lokaci-lokaci, kuma hotunan sama ba sa cikin abin da ake adanawa.

Wasu manhajojin, kamar OsmAnd, Organic Maps da Maps.me, sun dogara ne da OpenStreetMap, taswirar da aka kafa a 2004 wadda masu sa kai a duniya ke zanawa, ciki har da matasan Nijar. Da su ana iya saukar da taswirar ƙasar baki ɗaya sau ɗaya. Wani lokaci ana samun ƙauye ko hanyar ƙasa a ɗaya a rasa a ɗayar, shi ya sa masu yawan tafiya ke riƙe biyu. OsmAnd yana kuma iya zana sawun tafiya, ta yadda wanda ya rikice zai bi layin ya koma inda ya fito. Taswirar hukuma kuwa tana hannun cibiyar taswira ta ƙasa, IGNN, a Yamai.

Neman wuri da suna yana da tarko. Taswirori sun fi bin rubutun Faransanci: Tanout, Belbédji, Olléléwa, Zinder. Wanda ya rubuta Damagaram ko Tanut ba lalle ya samu abin da yake nema ba. Sannan sunaye suna maimaituwa. Akwai Gangara ta gundumar Tanut, akwai wata Gangara a jihar Maraɗi. Sabon Gari da Tudun Wada kuwa ba sa ƙirguwa daga nan har Najeriya. Kafin a bi layin da waya ta zana, a duba nisan da ta nuna da jihar da wurin yake, a ga ko sun yi daidai da abin da aka sani.

Rashin sunayen tituna da lambobin gidaje ya sa kwatance a garuruwa da yawa ya dogara da masallaci, famfo ko gidan wani sananne. Wasu ƙasashe sun nemi mafita ta wannan fasaha: Ghana ta ƙaddamar da GhanaPostGPS a watan Oktoba na 2017, inda kowane gida ke samun lambarsa. A nan abin da ya fi sauƙi shi ne tura wuri ta WhatsApp, wanda ɗan kabu-kabu ko mai kawo kaya zai buɗe ya bi.

Inda yake da amfani a Damargu

Damargu tsohuwar mahaɗar ayari ce tsakanin Kano, Damagaram, Azbin da Turabulus, kuma rumbun hatsin da ke ciyar da arewa. A watan Janairu na 1851, a Taghelel ne matafiyan Turai uku, Heinrich Barth, James Richardson da Adolf Overweg, suka rabu kowa ya kama hanyarsa, Barth yana auna tafiyarsa da kamfas da agogo. Madugai kuwa sun dogara da duwatsu, launin rairayi, rijiyoyi da taurarin sama. Ƙidayar 2012 ta nuna gundumar Tanut tana da mutane fiye da 400,000, Belbeji kuma, wadda aka cire daga cikinta a 2011, kusan 100,000, warwatse a ƙasa mai faɗi.

A kan hanya, daga Damagaram zuwa Tanut kilomita ne wajen 150, ta Bakin Birji da Sabon Kafi, kusa da matatar mai ta SORAZ da aka buɗe a 2011. Daga Tanut zuwa Agadas ta Aderbissinat wajen 300 ne. A kan kwalta ba a cika ɓata ba, amfanin wayar shi ne a san sauran nisa, a kuma iya faɗa wa makanike ko motar asibiti ainihin inda aka tsaya. Da an sauka kwalta zuwa Belbeji, Tenhiya ko Falenko, hanyoyin ƙasa suna rarrabuwa suna haɗuwa, iska tana binne sawu. Nan ne adana wuraren da aka sani, kamar rijiya, mararraba ko kasuwar mako, ke da amfani.

A fannin kiwo da noma, Damargu tana bakin iyakar noma ta arewa da dokar 1961 ta shata, inda gonaki ke ƙarewa makiyaya ta fara. Dokar ƙasar karkara ta ranar 2 ga Maris 1993 ta kafa hukumomin kula da filaye da ake kira COFO, dokar kiwo ta ranar 20 ga Mayu 2010 kuma ta tabbatar wa makiyaya haƙƙin zirga-zirga da dabbobinsu. Idan ana shata burtali, makiyaya ko mashaya, ana ɗaukar lambobin GPS na iyakokin a rubuta, saboda ko an tumɓuke alamar siminti ana iya gano inda take.

Manomi ma zai iya auna gonarsa: ya kunna manhajar awo, ya zagaya iyakar da ƙafa, ta ba shi faɗin da hekta. Wannan yana taimakawa wajen lissafin iri da taki, ko kafin jingina da haya. Amma a san iyakarsa. Hekta ɗaya fili ne mai mita 100 a tsaye da 100 a kwance. Idan kowane gefe ya ƙaru da mita 5 saboda kuskuren waya, awon zai nuna ƙarin kashi 10 cikin ɗari. A ƙaramin fili ko filin gida a cikin gari kuskuren ya fi haka yawa. Awon waya ba takardar mallaka ba ne, ba ya kuma maye gurbin shaidun maƙwabta, mai gari da hukumar COFO. Wanda ya je wa ɗan'uwansa da waya a hannu yana cewa iyaka ta matsa da taku biyu, yana jayayya ne a kan abin da na'urar ba za ta iya tabbatarwa ba.

Masu yaƙi da farin dango, waɗanda suka yi ɓarna a 2004 kafin yunwar 2005, su ma da lambobin wuri suke aiki. Hukumar abinci ta Majalisar Ɗinkin Duniya, FAO, tana da tsarin eLocust3 da ma'aikatan sa ido ke aika rahoto da shi daga daji, kuma a 2020 ta fitar da na wayar salula. A arewacin Najeriya, musamman Kano, an riƙa bai wa masu rigakafin shan inna wayoyi masu GPS don a ga unguwanni da rugagen da aka kai wa da waɗanda aka tsallake, kafin a ayyana Afirka ta rabu da ainihin ƙwayar cutar a watan Agusta na 2020.

Abin da ba ya yi a Sahara

Tun da aka gano zinariya a Jado da Tchibarakaten a 2014, matasa da yawa daga jihar Damagaram suka riƙa bin hanyar arewa, ban da masu zuwa Aljeriya da Libiya neman aiki. Bayan an fara aiki da dokar 2015 ta hana safarar baƙin haure, wadda aka soke a watan Nuwamba na 2023, direbobi da dama sun kauce wa sanannun hanyoyi masu rijiyoyi, suka koma ratsa rairayi da taimakon GPS. Na'urar ta sa an iya bin inda da ba a bi, amma duk wanda motarsa ta tsaya a can, da wuya wani ya biyo ta kansa.

A ƙarshen Oktoba na 2013 an tsinci gawarwakin mutane 92, galibi mata da yara ƴan yankin Kantche, a arewacin Arlit kusa da iyakar Aljeriya, bayan motocin da suka ɗauko su sun lalace ƙishirwa ta kashe su. A irin wannan wuri sanin lambobin inda ake ba ya ceto idan babu hanyar sanar da wani, babu kuma wanda ya san ranar da ya kamata a iso.

Taswirar waya ba ta san yashi mai nutsar da mota ba. Ba ta san rijiyar da ta ƙafe ba, ko koramar da ta kawo da damina a kwarin Tarka, ko hanyar da ƴan fashi suka tare, ko wadda sojoji suka rufe. Lokacin isowa da take nunawa lissafi ne na hanya mai kyau. Miƙaƙƙen layin da ke tsakanin ɗigo da wurin zuwa ba hanya ba ne. Saboda haka direbobin da suka san Sahara suna haɗa na'urar da sanin ƙasa, suna tafiya a ayari.

Kamfas da zafin rana

Kibiyar da ke nuna inda waya ta fuskanta ba daga taurari take ba. Wata ƙaramar na'ura ce mai jin maganaɗisun ƙasa, kuma wasu wayoyi masu araha ba su da ita. Ƙarfen mota, lasifika ko murfin waya mai maganaɗisu suna rikita ta. Ana daidaita ta da juya wayar a iska kamar ana zana lamba 8. Manhajojin alƙibla suna amfani da duka biyun: GPS ya faɗi inda ake, kamfas ya nuna fuska. Daga Tanut alƙibla tana wajen digiri 73 daga arewa, wato gabas da ɗan karkata zuwa arewa. Idan manhaja ta nuna abin da ya yi nesa da haka, kamfas ɗin ne ya rikice.

Nuna hanya yana cin batir, musamman idan allon yana kunne. Inda babu rezo wayar tana ƙara wahala wajen nemansa, don haka sa ta a yanayin jirgin sama yana tsawaita cajin, GPS kuma yana ci gaba da aiki. A watannin Afrilu da Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, wayar da aka bari a gaban gilashin mota tana iya kashe kanta. A ajiye ta a inuwa.

Sirri da tsaro

Taurari ba sa bin sawun kowa, amma manhajojin da ke cikin waya suna iya yi. Duk wadda aka bai wa izinin sanin wuri tana iya adana shi ta aika idan an samu intanet. A cikin saitin wayar, ƙarƙashin Localisation ga masu Faransanci, ana ganin jerin waɗanda ke da izini, ana kuma iya janye shi. Manhajar tocila ko wasa ba ta da dalilin sanin inda mutum yake kwana. Kyamara ma takan liƙa wa hoto lambobin inda aka ɗauke shi idan ba a kashe wannan ba. A watan Janairu na 2018 an gano cewa taswirar wata manhajar motsa jiki, Strava, ta fallasa sansanonin soja a ƙasashe da dama, saboda sojoji suna gudu da ita a kunne.

A WhatsApp akwai bambanci tsakanin tura wurin da ake yanzu, da tura wuri kai tsaye na minti 15, awa 1 ko awa 8, inda wanda aka tura wa ke ganin duk motsin mutum. Mai fatauci da ya taso daga kasuwar dabbobi da kuɗi kada ya sa wannan a zauren da ba duka ya sani ba. Sa wa wani manhajar bibiya a ɓoye keta sirrinsa ne. Nijar tana da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita. Kashe GPS kuma ba ya ɓoye mutum daga kamfanin waya, domin eriyar da wayar ta kama tana nuna yankin da take.

Kafin a kama hanya

A saukar da taswirar jihohin Damagaram da Agadas tun ana gari, sannan a kashe intanet a gwada ta a ga tana buɗewa. A adana gida, wurin zuwa da rijiyoyin da ke tsakani, a kuma rubuta lambobinsu a takarda. A cika batir, a riƙe abin caji na mota ko na rana. A gaya wa wani a gida hanyar da za a bi da lokacin da ake sa ran isa, a kuma tura masa lambobin wuri duk inda aka samu rezo na ƙarshe. Saƙon SMS yakan fita a rezon da bai isa a yi kira ko a buɗe intanet ba, kuma hawa kan tudu yana taimakawa. Lambar ƴan sanda 17 ce, ta ƴan kwana-kwana 18. Idan mota ta lalace a Sahara, a zauna kusa da ita, domin masu nema sun fi saurin hango mota a kan mai tafiya da ƙafa, kuma a ɗauki ruwan da ya wuce na kwanakin da aka yi niyya.